Makin Kawu Abdulnasir

Tun safe Khairat take zaune gaban kwamfuta tana cizon biro. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon atamfa a Kasuwar Kwastam, inda suke haɗa manhajar lissafi ta 'yan kasuwa. A cikinta akwai mataimaki na AI. Ɗan kasuwa zai ce masa "yanka wa wane rasit" ko "soke cinikin jiya", shi kuma ya zaɓi aikin da ya dace. Sai dai ba ya ganin komai sai ɗan bayanin da aka rubuta ƙarƙashin kowane aiki. In bayanin ya cakuɗe, sai ya yi ta ɓarna cikin ladabi. Ɗazu ta ce ya gyara sunan kwastoma, ya share kwastoman ɗungurungum, ya kuma yi mata fatan alheri.

Aikinta shi ne ta ba bayanan maki ta kai wa Madam Rhoda, shugabar ofis, kafin la'asar. Wanda ya rubuta su kuwa Kawu Abdulnasir ne, ƙanin mahaifiyarta, shi ya samo mata aikin, shi ke ɗauko ta daga unguwar Fezzan kullum. In ta ba shi maki mai kyau, Madam za ta gwada da kanta, kujerar Khairat ta tafi. In ta faɗi gaskiya, kafin magariba magana ta isa gida: yarinya ta fara ɗaukar albashi ta raina kawunta.

Da azahar Kawu ya shigo da kwanon ɗanwake ya baje kan kujera. Khairat ta san shi sarai, ba abin da yake so kamar a ce ya duba aikin wani.

"Kawu," ta ce a hankali, "wasu bayanai aka ba ni, kaina ya kulle. Ko za ka zama kai ne mataimakin, in karanto maka?"

"Karanto, ɗiyata. Irin wannan ai sai mu."

"Ɗan kasuwa ya ce a soke rasit. Ga ayyuka biyu. Na farko: 'Yana kula da rasit.' Na biyu: 'Yana kula da rasit yadda ya kamata.' Wanne za ka zaɓa?"

Kawu ya tsaya da tauna. "To na farkon yadda bai kamata ba yake kula da shi? Ci gaba."

"Akwai wani: 'A saka abin da ake buƙata, kamar yadda aka saba.'"

"Wa ya saba? Na'urar da ba ta taɓa taka kasuwa ba? Kwanan wata za ta saka ko lambar takalmina?" Ya nuna ta da cokali. "Mahfuz ne, ko? Na kamfanin can tsallaken titi. Na san hannunsa."

Khairat ta sunkuyar da kai, abin da ta fi iyawa a duniya.

"Ba sai kin faɗa ba. Wanda ya rubuta wannan barci yake ji. Bai ce me aikin ke karɓa ba, bai ce me yake mayarwa ba, bai gargaɗi kowa cewa in an share ba ya dawowa ba."

"Nawa zan ba shi cikin goma?"

"Biyu. Ɗaya don ya san boko, ɗaya sadaka." Daɗi ya kama shi, ya leƙa ƙofa. "Madam, zo ki ji shirme kyauta."

Madam Rhoda ta shigo da kofin shayi, Kawu ya sa aka sake karanto mata yana ta girgiza kai. Ta kurɓa, ta dube shi ta saman tabarau.

"Malam Abdulnasir, ai naka ne. Wanda ka turo mini da azumi."

Ana jin mai kankana yana cigiyar masu saye a ƙasa. Khairat ta ƙura wa yatsun ƙafarta ido. Kawu ya kalli kwamfutar, ya kalli Madam, ya haɗiye lomar da ta daɗe a bakinsa.

"Na sani mana," ya ce. "Yarinyar nake gwadawa, in ga ko za ta yi mini kara don ina kawunta. Ni a aiki ba ni da ɗan'uwa, ko kaina ba na ragawa."

"Madalla," in ji Madam. "Khairat, rubuta biyu."

"In rubuta in ji Kawu?"

"Rubuta in ji ni," ya ce, "kuma ki faɗa wa mamarki haka nake." Ya ture kwanon gefe, ya jawo kujera kusa da ita. "Wancan na sharewa, karanto shi tukuna. A hankali, ba sai na ƙasan bene sun ji ba."