Abin da Ya Firgita Shanun Jafaru

Maharazu injiniyan turakun sadarwa ne a wani kamfani, shi ke kula da na Daura har zuwa Baure. Aiki ne mai kyau, amma bai ɗauke shi a bakin komai ba. Zuciyarsa na wajen wata ƙungiyar sa-kai ta intanet mai bin diddigin abubuwan da ke shawagi a sama ba a san ko mene ne ba. Su bakwai ne duka-duka, amma shi har kati ya buga wa kansa, wai Babban Mai Bincike. Mutanen karkara kuwa raina su yake yi, ya ce komai suka gani sai su ce aljani.

Shugabarsa a kamfani, Khairunnisa, ta gaji da shi. Ranar Laraba ta ce, "Malam Maharazu, turken Baure ya mutu. In la'asar ta yi ba ka tayar da shi ba, ka ajiye mana makullin mota."

Yana kan hanya saƙo ya shigo daga ƙungiya: wani makiyayi a gefen Zango ya ga abu a sama. Gogan naka ko tunani bai yi ba ya karya kan mota. Minti talatin ne kawai, in ji shi.

Makiyayin, Jafaru, dattijo ne marar gaggawa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka damo fura, ya bari sai da baƙo ya sha ya ƙoshi. Sannan ya fara bayani, Maharazu na rubutawa yana murmushin raini.

"Hannuwa huɗu gare shi, yana kuka kamar zuma. Litinin da hantsi ya sauko kan garke, can kusa da dogon ƙarfen nan. Shanu suka watse, karsanata ta faɗa rami ta karye, dole muka yanka ta."

"To Baba, aljani kuka ce ke nan?"

"Wane aljani, yaro? Aljani da batir? Jirgin leƙe ne. An ce mini ku ne masu bin sawun irin waɗannan abubuwa, shi ya sa na aika, ku nemo mini mai shi."

Alƙalamin ya tsaya. Litinin da hantsi Maharazu da kansa ya tayar da jirgin kamfani marar matuƙi don duba wannan turken, ya kuma sauko da shi ƙasa-ƙasa don ya ga shanu na gudu, yana dariya. Kunya ta rufe shi, ga tsoro. Jafaru kuwa idonsa na kan tambarin kamfani da ke ƙirjin rigar Maharazu.

"Irin rigar nan mai jirgin ya sa, 'yata ta hango shi. Tashi mu je wajen Ardo. Ka taho da littafin, tunda ka rubuta rana da lokaci da hannunka."

Ardo ya tafi jana'iza, aka ce a jira shi. Babban Mai Bincike ya zauna gindin gawo tsakanin dattawa biyu, wayarsa na ta ruri a aljihu ya kasa ɗauka. Yana nan zaune aka kira sallar la'asar.