Marainiyar da Uwarta Ta Zo Liyafa

Aikin Nassozi shi ne neman masu hannu da shuni su tallafa wa makarantar kiɗa da rawa da ke Kampala. Ta san wanda ake yi wa waya da wanda sai an je gidansa da kaza. A makarantar ta koyi rawa tun tana yarinya, da gwiwarta ta samu matsala sai aka mayar da ita ofis.

Shugaban makarantar, Ssebuliba, Allah ya ba shi baki. Duk liyafar neman taimako sai ya dafa kafaɗarta ya ce, "Wannan a tashar mota na tsince ta, ba uwa ba uba." Ƙarya ce tsagwaronta. Uwarta, Malama Nalwoga, shugabar firamare ce mai ritaya a garin Masaka, ita ta kawo ta da akwatinta da kuɗin makaranta. Nassozi takan sunkuyar da kai, don ta ga ƙaryar tana ciyar da yaran makarantar.

Sai ya kai maganar gidan rediyo, ya ƙara mata gishiri. Ya ce uwar mashayiya ce, giya ta kashe ta a bakin kwata. Ya ambaci sunan Nassozi da na garinsu.

Washegari uwar ta kira. "'Yata, ashe na mutu ban sani ba? Matan coci sun cika min gida, wasu na dariya, wasu na shinshina bakina."

Nassozi ta shiga ofishinsa. "Yallaɓai, ka koma rediyo ka wanke uwata."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Wa ya san wata tsohuwa a Masaka? Ke da ba ki da gwiwa, labarin nan ne kaɗai amfaninki a nan. In ya dame ki, ga ƙofa."

Nassozi ta juya. Ta fito ta ci gaba da shirin babbar liyafar shekara, kuma ba ta taɓa shirya wata da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Ta gayyato 'yan jarida, ta roƙi duk 'yan kwamitin amintattu su zo. Ta je da kanta wurin Madam Akello, mai gonakin shayi, wadda ta fi kowa bayarwa. Madam Akello marainiya ce ta gaske, duk lokacin da ta ji labarin tashar mota sai ta yi kuka.

Ranar liyafa, da tsakar rana aka cika zauren otal. Tsara kujeru aikin Nassozi ne, sai ta zaunar da uwarta, wadda ta gayyato daga Masaka a ɓoye, cikin doguwar rigar biki mai tsinin kafaɗa, a gefen Madam Akello. Aka ci ayaba da miyar gyaɗa, yara suka yi rawa. Ssebuliba bai gane tsohuwar ba, don sau ɗaya ya taɓa ganinta. Ya karɓi lasifika, ya yafito Nassozi. Ta je da murmushi, ta ma miƙa masa kafaɗar.

"Yallaɓai, ka faɗa musu har da na giyar," ta raɗa masa. "Ya fi taɓa zuciya."

Ya kuwa faɗa. Ya kai ga bakin kwata kenan, Malama Nalwoga ta miƙe ta buga cokali a kofi, kamar mai tsawata wa aji.

"Ɗana, dakata. A wace maƙabarta ka binne ni? Ina so in je in ga ko an share wurin."

Ssebuliba ya ce, "Mama, wace ce ke?"

"Ni ce mashayiyar. Rabin likitocin Masaka ni na koya musu baƙi. Waccan da ka dafa, ni na haife ta, ni na kawo maka ita, kana cewa na gode Malama har ƙasa. Sauke hannunka daga jikin 'yata."

Wani ya fashe da dariya daga baya, sai zauren ya ɗauka. Ssebuliba ya juyo yana kallon Nassozi. Ta kalle shi ido cikin ido, ta ji sanyi na ratsa ƙirjinta. Da mai hoto ya matso, sai ta ja gefe don fuskar shugaban ta fito sosai.

Madam Akello ba ta yi dariya ba. Ta tsaya gaban Nassozi ta ce, "Shi ya yi ƙarya, ke kuma kina kallona ina kuka kina miƙo min hankici. Kada ki sake taka gidana." Ta fita, kuma ba ta ƙara bayar da ko sisi ba. Ɗakin kwanan 'yan mata da aka soma ginawa ya tsaya a iya taga.

Kwamiti ya sallami Ssebuliba a makon. Nassozi suka bar ta, don ita kaɗai sauran masu bayarwa suke ɗaga wa waya. Abu na farko da ta yi, ta sa gidan rediyon ya nemi gafarar Malama Nalwoga a labaran safe, lokacin da duk Masaka ke saurare.

Ranar da ya zo kwashe kayansa, ya same ta a ƙofar ofis.

"Kin rusa abin da na gina tun kina majina. Kin ji daɗi?"

"Sosai," in ji ta.

Ya miƙa hannu zai ɗauki babbar gangar da ke jingine da bango, wadda yake buɗe kowane taro da ita.

"Yallaɓai, ajiye. Ta makaranta ce."

Ya ajiye. Ta kira maigadi ya raka shi har bakin titi, ta tsaya a taga tana kallo sai da ya hau acaɓa da kwalinsa a cinya.