Kafaɗu Goma Sha Huɗu

Shekara talatin Baba Ɗayyabu yana ɗori a zaurensa na Ƙofar Ruwa. Da ya taɓa mutum ya san ko daga babur ya faɗo ko rijiya ya zame. Ya kuma san gocewar da ba ta samuwa sai an ɗaure hannu ta baya an rataye mutum.

Irinta aka kawo masa ran Talata. Maharazu ne, baduku, magidanci mai 'ya'ya biyar. Laifinsa ya kira gidan rediyo ya yi ƙorafin famfon unguwa. Kwana tara jami'an tsaro suka riƙe shi, ya fito ko cokali ba ya iya ɗagawa.

Ran Alhamis mai unguwa ya tura Baba taron Ranar Dimokuraɗiyya, wai ana son dattawa a layin gaba. Wani babban jami'i, Alhaji Abdulmalik, ya yi awa guda yana zuba: tsarin mulki ya haramta azabtarwa, mun sa hannu a yarjejeniyar duniya, kowa yana da 'yancin faɗin ra'ayinsa. Baba yana ta muskutawa a kujera. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

Da aka ba da damar tambaya ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni mai ɗori ne. Bana kaɗai na gyara kafaɗu goma sha huɗu, duk daga hannun hukuma. To wa ke gotar da su?"

Alhaji ya yi murmushi. "Ka ga daɗin dimokuraɗiyya ke nan, Baba. Ga shi ka yi magana ba wanda ya taɓa ka. A tafa masa!"

Aka tafa.

"Ba tafi na zo nema ba. Amsa na..."

Aka karɓe makirfo, aka ce ya rubuto koke, akwai kwamiti. Ya fito yana tsaki, ko shinkafar taron bai karɓa ba.

Washegari da hantsi jami'an tsaro biyu suka yi sallama. Babban ya nemi lasisin ɗori, ya ce daga yau ya riƙa gyara ƙashi kawai, faɗin abin da ya karya shi ba aikinsa ba ne. Ya fita. Ɗayan, Sule, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, don Allah ɗan duba min wuyan hannun nan."

Baba ya murza, ya ɗago ya dube shi.

"Wannan targaɗen duka ne. Wa ka daka?"

"Aiki ne, Baba."

"Aiki! Innalillahi."

Ya so ya kore shi. Amma mahaifinsa bai taɓa korar mai ciwo daga zauren nan ba. Ya jawo man shanu ya shafa, ya ja hannun har Sule ya yi ƙara.

"Sati uku kada ka ɗaga ko sanda. Da son samu ne ma, shekara uku."