Matattu Ba Sa Ƙaura

Zaidu na durƙushe yana cusa wayar ƙarshe a bayan rauta, ƙaramin akwatin da ke kwasar bayanai daga tsohon rumbun ofishin filaye zuwa sabo, sai ga Alhaji Arzika ya banko ƙofa ko sallama babu. Shi ne shugaban ofishin, mutumin da ko kunna kwamfuta bai iya ba, amma yau ya zo duba aiki.

"Kashi nawa za ka kwashe?"

"Bakwai, ranka shi daɗe. Huɗu sun ƙetare."

"Na bakwai ɗin, bar shi."

Zaidu ya saki wayar. Kashi na bakwai na mamata ne: takardun gonakin da masu su suka rasu ba a sauya suna ba. Daga Shanga har Wara, matansu ke noma su, kuma ba su da wata shaida sai wadda ke cikin rumbun nan, don takardun asali gara ta daɗe da cinye su. Ranar Juma'a za a goge tsohon rumbun.

"Alhaji, gonakin marayu ne..."

"Matattu ba su ƙaura. Ni na sa hannu anka ɗauke ka aikin ga, kuma hannun bai shanye ba."

Ya fita ya bar ƙofa a buɗe. Zaidu ya tsane shi har cikin ransa, ya zage shi tas, amma a zuci. Sunan mahaifinsa na cikin kashin nan. Ya lalubo fayil ɗin, shi kaɗai, ya tura shi cikin na masu rai. Sauran ɗari huɗu da wani abu ya cire su daga layi.

* * *

Kafin damina ta faɗi, masu awo suka sauka Wara da turaku, wai filayen da ba su da rajista an ba wani mai noman shinkafa. Suka tsallake gonar Inna Dudu, mahaifiyar Zaidu. Suka kafa turke a tsakiyar ta Christiana, maƙwabciyar da gonarta ta yi iyaka da ta Inna shekara talatin.

Da Zaidu ya zo gida ranar Asabar, Inna ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Mi ya sa tawa ta tsira, ta Christiana ta tafi?"

"Inna, na'ura ce ta yi kuskure."

"Na'urar ta san ubanka ne? Tare sunka yi kamun kifi?"

Ana cikin haka aka yi sallama. Christiana ce, ta rame, riƙe da wani ƙunshi a tsohuwar jarida. Ta buɗe, busasshen giwan ruwa ne, irin wanda ake kai wa manya.

"Ɗana, an ce kai ke riƙe da injin. Ka taimaka ka sake duba mani. Marigayi mijina, Enoch sunanshi. Wataƙila sun rubuta shi ba daidai ba."

Ta miƙo da hannu biyu. Zaidu ya tsaya ƙiƙam, idonsa a ƙasa.

"Amshi mana," in ji Inna, ba ta ko dube shi ba. "Amshi ka ci."