Saiwar Gawo a Bangon Kilas

Mutanen da ke cikin wannan labari su biyar ne. Akwai Mushe Nasiruddeen (Mushe shi ne laƙabin malamin boko a can), malamin lakwal, wato makarantar boko, haifaffen garin Dogon Dutsi, wanda aka kawo koyarwa wani ƙauye na ƙasar Matankari. Akwai Baba Idi, manomi, mai masaukinsa, da matarsa Inna Rakiya. Akwai Bilyaminu, makiyayi. Ta biyar ita ce Mardiyya, ɗaya daga cikin ɗaliban Mushe.

A shekarar da abin ya faru, bayan an gama yankan hatsi, Mushe Nasiruddeen ya iso darasin da ya fi ƙauna, wato bayanin yadda duniya ta kasu shiyya-shiyya, kowace da ruwanta da itatuwanta da dabbobinta. Ya ba yara labarin kurmi, inda ruwan sama ba ya yankewa kuma rana ba ta samun hanyar taɓa ƙasa saboda duhun ganye. Ya bayyana musu ƙasar doguwar ciyawa, da hamada. Daga nan ya kai su can ƙuryar arewacin duniya, inda ƙasa take daskarewa har itace ba ya iya tsayawa a cikinta.

Mardiyya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, in babu icce, da mi suke tuƙa tuwo?"

Kilas ya kece da dariya, wani daga baya ya ce, "Ɗanye suke ci!" Mushe ma ya dara, amma ya gane cewa yaran sun ɗauki maganarsa tatsuniya. Sai ya ƙudura ya nuna musu shiyyarsu da idonsu. Ya ce musu, "Mu nan Sahel muke. Ruwanmu kaɗan ne, shi ya sa itatuwanmu suke da ƙaya da ƙananan ganye, saiwarsu kuma take nutsawa neman laima. Ku tono mini ƙananan tsirrai da saiwarsu duka, mu gani."

Suka tambaya a ina za su tono. Mushe ɗan 'yan kasuwa ne, bai taɓa riƙe hauya ba, a ganinsa duk abin da ba hatsi ba ne a gona ba shi da mai shi. Ya ce, "Ku shiga gonar Baba Idi, ai gidanmu ne, ba mai hana ku. Amma ku cike ramukan, kada saniya ta karye."

Yara suka yi aiki da gaske. Suka kawo sabara da kalgo, suka kawo 'ya'yan gawo da dama, saiwar wasu ta fi kamu biyu. A jikin kowane ɗan gawo akwai jan ƙyalle a ɗaure. Mushe ya kwance ƙyallayen ya yar, ya ɗinke tsirran a kan babban kwali, ya rataye a bango. Har shugaban lakwal ya shigo ya yaba.

To, wannan gona ita ce masaukin Bilyaminu. Duk kaka yakan kafa bukkokinsa a cikinta, shanunsa su ci kara su bar taki, Baba Idi ya ba shi damman gero. Haka iyayensu suka yi, haka suka gada.

Washegari da la'asar Baba Idi ya dawo daga gona fuska a murtuke. Suka zauna a tabarma shi da Mushe, Inna Rakiya ta ajiye musu akushi, amma dattijon bai sa hannu ba. Can ya ce, "Gawunan da nake reno sun tafi. Shekaru ina kewaye su da hauya, na yaga tsohon zanen Rakiya na ɗaura musu alama don kowa ya san na gida ne. Yau na je, ko ɗaya babu, sai sawun shanu. Na roƙi Bilyaminu ya kula mini da su, bai ɗauki maganata bakin komi ba. Zan ce masa ya kwashe kayansa."

Mushe ya janye hannunsa daga akushin. Magana ta zo har bakinsa, ya dubi akushin da yake ci kyauta tun ranar da ya zo garin, ya dubi ɗakin da aka share masa, sai abin da ya fito shi ne, "Allah Ya kyauta."

Inna Rakiya ta leƙo daga bakin madafa ta ce, "Mushe, yau kuma miyata ce ba ta kai ta birni ba? Ko wata ta fara aiko maka da kwano ban sani ba?"

Ya ce, "Haba Inna, kaina ne ke ciwo."

Ya gaya wa ransa cewa fushin tsoho ba ya kwana, gobe zai huce, sai ya same shi a hankali. Da gari ya waye ya riga kowa zuwa lakwal, ya sauke kwalin ya tura bayan akwatin littattafai. Mardiyya ta ce, "Mushe, ina iccenmu da muka sha rana?" Ya ce ta buɗe littafinta, ya ci gaba da bayanin hamada. Gobe ta zama jibi. Ya ji da kunnensa Baba Idi yana faɗa wa matarsa cewa ya je ya yi wa Bilyaminu magana a gaban 'ya'yansa, duk da haka ya bar kwalin a ɓoye.

Ran nan da hantsi ya hango daga tagar kilas matan rugar suna kwance bukkoki, ana ɗaura tabarmi da ƙorai a kan jakuna. Ya ajiye alli, ya jawo kwalin, ya ɗauke shi a ka ya ratsa tsakiyar gari mutane na kallo. Ya tarar da Baba Idi a zaure yana tufka igiya. Ya durƙusa ya shimfiɗa kwalin a gabansa.

Ya ce, "Baba, ga gawunanka. Ba shanu ba ne. Ni na tura yara, ni na ce su shiga gonarka."

Baba Idi ya daɗe yana duban busassun saiwoyin. Bai ɗaga murya ba, domin ba a yi wa baƙo faɗa, kuma da ya yi faɗan da ya fi wa Mushe sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗauko, mu je."

Suka iske Bilyaminu yana ɗaure maraƙi. Baba Idi ya yi sallama, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Na zalunce ka, abokina. Ga abin da ya faru." Mushe ya maimaita bayaninsa, idonsa a ƙasa.

Bilyaminu ya dubi kwalin, ya dubi malamin, ya ce, "Mushe, ran da Idi ya zo ya kira ni maci amana a gaban ɗiyana, ka san da wannan?"

Mushe ya ce, "Na sani."

"Ka sani." Bilyaminu ya gyaɗa kai, ya ja igiyar maraƙin ya ƙulle. "To, na yafe muku, duniya da lahira. Icce yakan sake tsirowa."

Baba Idi ya ce, "In ka yafe, ka sa a sauke kayan nan."

"A'a, Idi. Na riga na ba wani mutum baki a wajen garin Ɗan Kassari, yana jirana yau. Ba zan zama mai magana biyu ba. Baɗi, in da rai, ma gani."

Suna tsaye aka kora shanun. Baba Idi bai motsa ba sai da na ƙarshe ya shige bayan gezar da ke iyakar gona. Sannan ya mayar da hularsa, ya juya, Mushe na biye da shi riƙe da kwali. Suka taka har bakin gari. A nan dattijon ya tsaya ya ce, "Je ka lakwal, ɗana. Ga shi ka baro ɗiyan mutane su kaɗai."

Mushe Nasiruddeen ya shiga kilas, yara suka miƙe suka gaishe shi baki ɗaya kamar kullum. Ya tsaya a gaban allo da kwalin a hannunsa, ya daɗe bai ba su izinin zama ba, domin ya kasa ɗaga ido ya dube su.

Iyakar abin da na iya tsarawa ke nan. Ni da girmana na koyi riƙon alƙalami, hannuna bai gama faɗawa ba. Wanda ya ga na karkace, ko a harafi ko a sunan wata shiyya ta duniya, ya taimaka ya daidaita mini, Allah Ya ba shi lada.