Buzuzun Abu Rumaisa

Maigidana mutum ne mai hankali a komai, in ka cire maganar tsofaffin tarkace. Wasu mazan ƙwallo ke ɗauke musu hankali, wasu shisha, ni nawa tsohon abu ne. In ya tashi daga ofishinsu na fiton kaya a unguwar Bagdadiyya a nan Jidda, maimakon ya kamo hanyar gida sai ya ratsa Balad, tsohon gari, wurin masu sayar da tsofaffin kaya, ya dawo mini da butar gahawa da ta huje, ko kwabon da babu ƙasar da ke karɓarsa yanzu. Ni 'yar unguwar Karantina ce, da idona na ga mutane suna barin gado da katifa a bakin titi lokacin da aka rushe unguwar, don ba wurin kai su. Shi kuwa Abu Rumaisa, a ɗan gidanmu na haya a Kurayyat, inda in ka yi atishawa a falo sai a amsa maka daga kicin, ya ware kabad guda don abin da ba ya tsinana wa kowa komai.

Duk na haƙura da waɗannan, har ranar da ya shigo da buzuzu.

Buzuzu dai da kuka sani, mai mirgina kashin shanu. Bai fi ƙwallon dabino girma ba, launinsa tsakanin shuɗi da kore, yana sheƙi kamar tangaran. Ya ce ba dutse ba ne, ba gilashi ba, wani haɗin yashi ne mutanen Masar na da ke gasawa. A cikinsa an sassaƙa wasu 'yan zane-zane, an huda shi tsaye don zare ya wuce. Wai hatimi ne, da shi suke danna laka a bakin tulu don a san mai kaya, kuma ya haura shekara dubu uku. Ya daɗe yana bin wani dattijo mai tara irin waɗannan kafin ya yarda ya sayar masa. Na ce masa mabruk, barka da arziki, mazan mutane na shigo da zinariya, ni an kawo mini ƙwaro.

Ko a jikinsa. Ya sayo ɗan akwatin gilashi, ya shimfiɗa jan ƙyalle mai laushi a ciki, ya ɗora buzuzu, ya maƙala masa 'yar fitila a sama. Ba ya taɓa shi sai da farar safar hannu. Duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya goge gilashin, ya duƙa yana kallon zanen yana motsa baki, wai yana koyon karanta rubutunsu. Ni da 'yarmu Rumaisa kallo kawai aka yarje mana, shi ma daga nesa.

Ana haka mahaifiyarsa ta iso daga Maradi don yin umra. Inna ba ta taɓa taka ƙasar nan ba. Tun yana saurayi yake mata alkawari, sai bana Allah ya nufa. Ta zo da fararen kayanta a goge a ninke, tana sauka daga mota tana sa masa albarka har maƙwabta suka leƙo. Aka ce ta huta gajiya tukuna, in ya sami hutun aiki ya kai ta Makka da kansa.

Bayan Juma'arta ta farko a gidan sai Inna ta daina cin abinci. Na yi shinkafa bukhari, ta ce ta ƙoshi. Na ce wataƙila kayan ƙamshinmu na Jidda ne bai karɓe ta ba, na tuƙa tuwo da miyar kuka, wanda ko a gidan biki ba na jin kunyarsa. Ta yi godiya ta ture kwano. Sai ta shige ɗaki ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta jiƙa gari da ƙuli-ƙuli ta ci. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka hannuna ne ba ta so.

Da garin ya kusa ƙarewa sai ta same ni a kicin, ta tura ƙofa, ta rage murya.

"Ɗiyata, ki ji tsoron Allah ki gaya mini. Tun yaushe yake bauta wa wanga abu?"

Wallahi dariya ce ta kufce mini, har na dafa bango. Da na ɗago na ga idonta ya cika da ƙwalla, sai dariyar ta maƙale. Ta shiga lissafa mini abin da ta gani. Jan ƙyalle. Fitilar da ba a kashewa. Ba mai taɓawa sai shi, shi ma sai ya rufe hannu. Ranar Juma'a ya duƙa gabansa yana karanto abin da ba Larabci ba. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta san abin da ake ajiyewa haka a ƙuryar ɗaki a ƙauyukansu. Ni da nake zaune da abin kullum, sai a ranar na gan shi da idonta, kuma gaskiya ban ga laifinta ba.

Da ya dawo na tsegunta masa. Ya je ya zauna a ƙasa gabanta, ya fara bayani irin na masu boko: tarihi, fasaha, yadda manyan gidajen ajiye kayan tarihi ke rububin irinsa. Ni ina bakin ƙofa ina masa ido ya taƙaita, amma ina! An taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Inna ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi ramin zaren nan na mene ne. Ya ce rataya shi suke yi a wuya. Ta ce don me. Bawan Allah nan, da ba a koya masa ƙarya ba, ya ce don kariya.

"To laya ce ke nan. Ta su wa?"

"Ta mutanen Masar ce, Inna. Na zamanin Fir'auna."

Halas, shi ke nan. Da bakinsa ya haƙa ramin, da ƙafarsa ya shiga.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce yaron da ya bar Maradi da jaka ɗaya, yau ga mota, ga kujerar jirgi ya aiko mata, ita tana ta gode wa Allah ashe ga inda abin ya fito. Ta ce ko tsafin zai yi, ya rasa abin kamawa sai buzuzu. Daga nan ta yanke magana: ba za ta ci gumin gidan nan ba, kuma ba za ta kewaya ɗakin Allah da kuɗin da ba ta san asalinsa ba. A mai da ita gida yadda ta zo. Tana faɗa tana shafa fararen kayan nan da ke kan gado, ni kuwa sai da na juya baya don kada ta ga fuskata.

Ya rantse, ta ce mai tsafi ma yana rantsuwa. Ya ɗauko Malam Mus'ab, limamin masallacin layinmu, Bahaushen Sudan mai sanyin magana, ya yi mata bayani cewa ajiye tsohon abu don kallo daban, dogara da shi daban. Ta saurara da ladabi, ta yi masa godiya, yana fita ta ce malam ba shi ya haifi yaron ba. Maigidana ya ce to zai sayar da buzuzun. Ta ce ya kai wa wani Musulmi masifa kuma ya ci kuɗin? Ya ce zai bayar kyauta a ajiye a gidan tarihi. Ta ce wato a sa shi a wani gilashin, ya riƙa kai masa ziyara.

Sai ta tambaye ni ko ruwan nan da ta hango daga jirgi shi ne Bahar Maliya. Na ce shi ne. Ta ce ai magana ta ƙare, Fir'auna mai kayan a ciki ya nutse, a mayar masa da abinsa. In ɗanta ya jefa da hannunsa tana gani, ta san ba ya tsoron abin, ba ya kuma jiran komai daga gare shi.

Ni mace ce mai neman mafita. Na ja shi gefe na ce masa, ka ga, a Balad akwai irin buzuzun nan na roba da na tangaran a shagunan tsaraba, tuli guda. Idon Inna ba ya raba shuɗi da shuɗi. Ka jefa na bogi, ka kai na gasken ofis ka kulle a durowa, kowa ya huta. Na ga shawarar ta shige shi, don ya daɗe yana kallon akwatin. Can ya girgiza kai.

"Mansura, albarka za ta sa mini a bakin ruwan nan. In karɓe ta da ƙarya?"

Kunya na ji.

Washegari bayan la'asar muka tafi Kurnish, bakin teku. Iska na kaɗawa, iyalai sun baje tabarmi, masu balila suna ta kiran ciniki. Inna na tafe a hankali tana dafa ni, don rashin abinci ya rage mata ƙarfi. Muka tsaya inda ruwan ke da zurfi. Ya ciro buzuzu daga aljihu, tsirararsa, ba ƙyalle ba safa, ya miƙo mini ya ce in riƙe ko sau ɗaya.

Ba shi da nauyi ko kaɗan. An fitar masa da 'yan ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, bakin ramin ya sha zare har ya yi santsi. Sai na tuna wani ne ya zauna ya yi wannan da hannunsa, wata ta zura masa zare, ya wuce hannu ya wuce hannu bai fashe ba sai da ya iso gidana, ni kuma ban taɓa ce masa komai ba sai ƙwaro. Tausayin mijina ya kama ni. Na so in damƙe hannuna in ƙi bayarwa, amma na miƙa masa.

Ya yi bisimilla ya wurga. Ko ƙarar kirki bai yi ba, ɗan fallatsi kawai, ruwa ya rufe.

Inna ba ruwan take kallo ba, fuskarsa take kallo. Ya tsaya hannunsa a sake, idonsa ya yi ja. Babu tsoro a fuskar, ita ma ta gani. Baƙin ciki ne zalla, irin na yaron da aka raba da abin wasansa kuma ya hana kansa kuka. Ta daɗe tana dubansa.

Shi ne ɗanta na fari, tun da nake ban taɓa jin sunansa ya fita daga bakinta ba. Sai ga shi ta kira shi a gaban mutane.

"Abdoulaye. Yunwa nike ji. Sayo mini abin can da ake ci, da kuɗinka."

Har tuntuɓe ya yi wajen sauri. Ya dawo da kofin balila, wake ne da tsami da yaji da yankakken kokwamba, abin da na san ba zai taɓa yi wa bakin 'yar Maradi daɗi ba. Ta zauna a kan dakali ta yi bisimilla ta kai cokali. Fuskarta ta yamutse kamar ta tauna tsamiya. Ta sake kaiwa. Haka ta yi ta ci, ɗayan hannun a kan kansa yana tsugune gabanta, har ta kankare gindin kofin.

"Ba daɗi," ta ce, tana miƙa masa. "Ƙaro mini."