Rasuwar Irimiya

"Ba za a ambaci sunansa a majami'ata ranar Lahadi ba," in ji Baba Ayuba.

"Majami'arka?"

"Ni na ɗora mata kwanon nan tun ba a san da kai ba, Fasto."

Fasto Kalilu bai musa ba. Watansa bakwai a Jibiya, yana kula da Kiristocin da ba su kai arba'in ba. Kwana uku ke nan da Irimiya, ɗan Mariyamu, ya kashe kansa. An binne shi ba waƙa. Dattijon ya dage cewa wanda ya yanke wa kansa kwana ba a yi masa addu'a gaban jama'a. Fasto ya ce uwar fa tana da rai, kuma za ta zo ta zauna a bencin farko. Baba Ayuba ya ce to ta zo.

Fasto ya ɗauki Littafinsa ya fita. Tankokin mai sun yi layi har bakin kasuwa, suna jiran a buɗe musu hanyar Maraɗi. Ɗaya daga ciki Irimiya yake tuƙawa. A zauren gidan Mariyamu ya tarar da sabon babur ɗin yaron, ko ledar sirdin ba a cire ba. Ya ɗan tsaya yana kallonsa. Bai gano komai ba.

Mariyamu na kan tabarma. Maƙwabciyarta Barira, Musulma, ta kawo fura, ba a taɓa ba. Fasto ya karanta Zabura guda biyu da ya zaɓo tun safe. Idonta na kan bango. Ya rufe Littafin.

"Inna, tun da Irimiya ya rasu..."

Ta juyo. "Me ka ce?"

Ya maimaita, yana tunanin ko ya yi ɓaranɓarama.

Sai ta faɗa masa, muryarta a dashe, cewa kwana uku tana lura. Duk wanda ya shigo gaisuwa, "ya mutu" yake cewa, yadda ake faɗi in akuya ta faɗi a turke. Har ƙanenta da ya zo daga Riko. Ba wanda bakinsa ya yarda ya ce ya rasu. Barira ta sunkuyar da kai tana gyara murfin ƙwarya.

Fasto bai gaya wa Mariyamu cewa ba zaɓar kalmar ya yi ba, haka kawai ta zo masa.

"Ƙara faɗi."

"Irimiya ya rasu, Inna."

Ta jawo ƙwaryar ta kurɓa sau ɗaya. A lokacin aka yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Baba Ayuba ne, takalmansa a hannu. Mariyamu ta dube shi, ta dubi Fasto.

"Ran Lahadi ma haka za ka faɗa?"